Kunnen Hagu na Stavros

Mu tara ne muke haɗuwa duk Asabar da la'asar a ɗakin baya na shagon kofin Madam Phuong a unguwar Footscray ta Melbourne. Haukan iyafis ne ya haɗa mu, irin masu tsadar nan da kuɗin guda ɗaya zai sayi tsohuwar mota. Kowa ya zo da 'yar jakarsa, mu baje su a tebur, wannan ya cusa a kunne ya lumshe ido, wancan ya karɓa, sai musu ya kaure har Madam Phuong ta leƙo ta ce mu rage murya.

Duk musun da za a yi, a bakin Stavros yake ƙarewa. Shekararsa sittin da ɗaya, talatin da uku daga ciki ya yi su yana saita muryar fiyano a gidaje da makarantun Melbourne. In ya saurari abu minti biyu ya ce gangar ta danne muryar mai waƙa, to ta danne. Abin da yake rubutawa a zaurenmu na intanet kuwa, har mutanen Singafo sai sun karanta kafin su zare kuɗi.

A shekarar nan wata takwas muka yi muna jiran iyafis ɗin Ngaire. Wata mata ce a Hobart, ita kaɗai take haɗa su da hannu a garejin gidanta, kuma shekara uku ta kwashe a kan wannan sabon. Hoto ɗaya ta taɓa sakawa, muka yi sati biyu muna gardama a kansa. Da ta gama sai ta aiko mana da guda ɗaya ya zagaya, kowa ya riƙe kwana biyar. Ba wanda ya yi jayayya cewa Stavros ne zai fara. Ranar Talata ya iso hannunsa.

Ranar Alhamis na buɗe zauren na ga rubutunsa. Gajere ne. Ya ce ɓarin dama ya yi daɗin da bai taɓa ji ba, amma ɓarin hagu a toshe yake, siraran sautuka ba sa fitowa, muryar mace kamar daga bayan labule. Ya ce bai kamata a fitar da abu mai wannan tsada ba a daidaita shi ba. Kafin Juma'a mutane sun fara janye odarsu.

Asabar ya shigo da rigar sanyinsa a jiƙe, ya ajiye ɗan akwatin iyafis ɗin a tsakiyar tebur.

"Ga shi nan," in ji shi. "Wata takwas ɗinku."

Tevita ne ya fara ɗauka, wani ƙaton ɗan Tonga mai tuƙa motar siminti. Ya saka, ya kunna, ya saurari waƙa guda har ƙarshe. Da ya cire sai ya dube ni, bai dubi Stavros ba.

"Fergus, karɓi ka ji," ya ce mini.

Na saka. Na kunna waƙar da na sani ciki da waje, wadda mai goge yake hagu, mai waƙar a tsakiya. Gogen ya fito tar, har ina jin numfashin mai shi. Na mayar baya na sake ji, ina neman laifin da aka ce akwai. Ban samu ba.

"Dattijo," na ce, "ni fa lafiya lau na ji shi."

"Kai da kunnenka na katako?" in ji Stavros, aka yi 'yar dariya. "Shi kuma wannan injin siminti ya gama cinye nasa tun bara."

"Na yarda," in ji Tevita. "To yi mana abu ɗaya. Juya su. Na hagu ka sa a dama, na dama a hagu."

Stavros ya yi tsaki, amma ya juya. Muna kallonsa. Da farko fuskarsa ta mai shirin cin gardama ce. Can sai na ga ya kai yatsa ya ƙara danna na kunnen hagu. Ya cire, ya duba, ya mayar. Sannan ya buɗe jakarsa ya ciro tsohon iyafis ɗinsa da ya shekara shida yana amfani da shi, wanda ya ajiye tun Litinin don kada ya gurɓata masa jin sabon. Ya saka shi. Bai yi rabin minti ba ya cire. Ya naɗe wayar.

Ya miƙe ya fita, ko kofinsa bai taɓa ba.

Na bi shi na same shi a bakin titi, yayyafi yana sauka a kansa.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Talata da safe na tashi kamar ruwa ya shiga kunnen. Na ɗauka mura ce. Akwai wani ƙara kuma, siriri, ba ya tsayawa. Laraba na saita fiyanon wata mata a unguwar Kew, jiya ta kira ni wai siraran sautukan ba su yi daidai ba. Na ce a raina ita ce ba ta da kunne."

"Mu tafi asibiti yanzu. Motata tana nan baya."

"Ba inda za ni. Zai wuce." Ya kama hannun rigata. "Kuma ka ja wa waɗancan kunne. In maganar nan ta fita, wa zai ƙara ba kurma fiyanonsa?"

Na yi masa alkawari. Ina isa gida na karya shi, na kira matarsa Vasiliki na gaya mata komai. Ita ta tasa shi gaba zuwa asibiti ranar Lahadi da sassafe. Da rana ya kira ni, ya zage ni da Girkanci da Turanci, ya ce kada in ƙara taka ƙofar gidansa, ya kashe waya.

Daga bakin Vasiliki na ji sauran. Likita ta ce jijiyar ji ce ta samu matsala farat ɗaya, abin yana faruwa haka kawai, kuma maganin ya fi ci a kwanakin farko. Shi kuwa ya zo a kwana na shida. An ba shi ƙwayoyi, aka yi masa allura a cikin kunnen har sau uku. Aka ce a jira a gani.

A nan ne abin ya tsaya mana a wuya. Rubutunsa yana nan a zaure, mutane suna ta yaɗa shi. Ni da Tevita muka rubuta cewa mun ji abin kuma ba shi da aibu, sai aka yi mana ca, wai mu su wa da za mu ja da kunnen Stavros. Ngaire ta turo mini saƙo cikin ladabi, tana roƙon a mayar mata da shi ta auna, ta ce ta rasa inda ta yi kuskure, kwana huɗu ba ta iya zama a teburin aikinta ba. Na san amsar, amma ba tawa ba ce da zan faɗa.

Na je gidansa duk da ya hana ni. Na same shi a falo, murfin fiyanonsa a rufe. Na zauna ta hagunsa, sai ya juyo da kansa gaba ɗaya don ya ji ni, na tashi na koma ɗaya gefen. Na miƙa masa wayata ya karanta saƙon Ngaire.

"Me kake so in yi?" ya ce. "In rubuta da hannuna cewa na kurmance?"

"Ka ce kuskure ka yi kawai."

"Ba za su yarda ba. Za su ce ta saye ni." Ya miƙo mini wayar. "Ko in faɗi gaskiya duka, ko in yi shiru."

Vasiliki tana tsaye a ƙofar kicin da tawul a hannu. "Stav," ta ce, "yarinyar nan ba ta yi maka komai ba."

Kwana uku ya ƙara kafin ya rubuta. Layi biyar ne. Ya ce laifin a kunnensa yake, ya faɗi abin da likita ta ce, ya nemi gafarar Ngaire da sunanta. Mutane suka yi ta yi masa jaje. Cikin mutum goma sha ɗaya da suka janye oda, huɗu ne suka dawo, sauran sun riga sun sayi wani. Ngaire ta amsa masa da cewa ta gode, tana yi masa fatan samun sauƙi. Ba ta sake aiko wa ƙungiyarmu komai ba.

Jin ya dawo kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin uku, ƙarar kuma tana nan. Makarantu biyu da yake yi wa aiki suka daina kiransa, ba su ce don me ba. Tsofaffin gidajen da suka san shi sun riƙe shi, yanzu yana tafiya da na'urar auna sauti, aikin awa ɗaya yana cinye masa biyu.

Sai a watan Oktoba ya dawo zaman Asabar. Bai zo da jaka ba. Ya zauna a ƙarshen tebur ta yadda duk muke damansa, Madam Phuong ta kawo masa kofi ba tare da ya tambaya ba. Ana cikin musu kan wasu sababbi guda biyu, wani da bai jima da shigowa cikinmu ba ya tura masa su ya ce ya raba gardama. Stavros ya dube su ya daɗe, sannan ya tura su gaban Tevita.

"Tambayi wannan," ya ce. "Ni na zo hira ne."

Tevita ya ɗauka a hankali ya saka. Muka zuba masa ido muna jiransa.