Yatsan Kafinta

"Mayar da shi baya," in ji kafinta. "Daidai inda take buɗe ƙofa."

Na mayar. Yana kwance, ƙafafunsa a kumbure, muna kallon fim a wayata da ke jingine da kwalbar magani. Karo na huɗu ke nan.

Ni na rubuta wa matasan cocinmu fim ɗin. Labarin direban 'yan fashi ne da ya take wani mai gadi da mota, daga baya ya tuba. Ba ƙirƙira na yi ba. Kafinta, maƙwabcina na shekara ashirin, shi ne direban, shi ya faɗa min wata rana yana gyara min taga, ya ce maganar ta tsaya tsakaninmu. Na sauya garin, na sauya sana'ar. Amma ƙaramin yatsan hagu da ya guntule a haɗarin, na bar shi, don ya ƙara wa labarin armashi. Ranar da aka haska fim ɗin a coci, 'yarsa ta tashi ta fita. Wata uku ba ta taka gidan ba.

"Ɗan jarida, ka iya ƙarya," ya ce, dariyarsa ta koma tari. "Sau uku na je wurin matar mai gadin nan. Ko gaisuwata ba ta amsa ba. Kai kuwa har ruwa ka sa ta kawo min."

"Fasto ne ya ce mutane sun fi son ƙarshe mai daɗi."

"Ai ba fasto na faɗa wa ba."

"Ka yafe min, Baba."

"Ka gani? Kai ma irin yafiyar fim kake nema. Je ka kira min yarinyar."

Na same ta a shagonta na ɗinki. Ba ta tsayar da keken ba.

"Kawu, tun ina ƙarama ake ce min zarto ne ya cire yatsan. A jikin bango na ji gaskiya, ni da mutum ɗari biyu. Ka je, zan zo."

Ya rasu ranar Alhamis da hantsi. Ta iso bayan awa ɗaya. Ba ta dube ni ba. Ta zauna a bakin gado, ta ɗaga hannunsa na hagu, ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar da shi ƙarƙashin mayafi.

Wayata tana nan jingine da kwalbar. Hoton fim ɗin ya tsaya, matar mai gadin ta kama ƙofa.