Sunan da ke Jikin Rumbu

Labo ya karɓi takardar da hannu biyu, gumi na bin gemunsa. Magaji, ɗan aiken buro, wato ofishin gwamnati na Gazawa, ko sauka daga kekensa bai yi ba.

"Sunayen waɗanda suka tsira ne, suna likita a Maraɗi," in ji Magaji. "Takarda ɗaya aka ba ni, garuruwa biyu na jira. Inuwar gawon nan na taɓa rijiya, zan wuce."

Kwana uku ke nan da labari ya iso Gangara cewa motar gyaɗa ta kife da 'yan ci-rani. Mutum uku na garin suna ciki: Sale, Dalhatu, da Idrisa ƙanen Labo. Shekara uku da samun mulkin kai, amma malamin lakol, makarantar boko, ya tafi hutu, duk garin babu mai iya boko sai Labo, ɗan ajin yaƙi da jahilci. Iyawar ma, Allah na tuba, irin ta hawainiya ce.

Ya ɗora yatsa a kan baƙin farko ya shiga rerawa kamar yana gaban allo. "Ha... am... ba... li." Da ya yi tuntuɓe a suna na uku, sai ya koma na farko, yadda malamin zaure ya horar da shi tun yana yaro. Sunayen kuwa arba'in ne da wani abu. Matan Sale da Dalhatu suka zuba masa ido. Tsoro ya kama shi sosai, baƙaƙen suka fara rawa.

"Kai Labo, yau za mu ji ko sai baɗi?" in ji Magaji.

Batulu, mahaifiyar Labo, ta matso da faifan waken da aka tarar tana tsincewa. Ta leƙa takardar ta kafaɗarsa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ja dogon numfashi.

"Ɗan nan, rufe bakin nan. Waƙa muka zo ji?"

"Inna, haka ake karatu."

"Ni ban san karatu ba, amma na san tsintar wake. In na baza shi, gaisawa nike da kowane ƙwara? Tsakuwa nike nema, ido ke tafiya, hannu na biye. Wanda na wuce na wuce shi."

Ta zaro tsinke daga zanan ɗaki ta ba shi. "Aza shi kwance, ka riƙa jawowa ƙasa. Kada ka koma baya."

Labo ya ji kunya, amma ba lokacinta ba ne. Ya cije leɓe, ya shimfiɗa tsinken a ƙarƙashin layi. A ƙarshen kowane suna an rubuta garin mutum, shi kuwa Gangara ya san kamanninta kamar fuskar maƙwabci. Ya bar haɗa baƙi, ya nemi ita kaɗai. Tsinke ya yi ta sauka.

"Sale na Gangara!"

Matar Sale ta zube ƙasa tana hamdala. Tsinke ya ci gaba.

"Dalhatu!"

Guɗa ta tashi. Inuwar gawo ta kusa bakin rijiya, layi shida suka rage. Biyar. Huɗu.

"Idrisa na Gangara," ya ce. "Inna, yana nan. Yana da rai!"

Ya zauna daɓas a ƙasa, hawaye na zuba, bai damu da masu kallo ba. Magaji ya naɗe takardarsa, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya taka keke.

Sai a lokacin Labo ya lura uwarsa ko gezau ba ta yi ba, ta koma kan wakenta.

"Inna, ba ki ji ba ne?"

"Tun ɗazu na gan shi," ta ce. "Ba sunansa ka rubuta da gawayi a jikin rumbu ba, sa'ad da ka fara ajin nan naku? Wata bakwai kullum ina wuce shi in zan ɗebi hatsi."

"Kika bar ni ina ta fama?"

Batulu ta tsinci tsakuwa ɗaya ta yar.

"Da na faɗa, nan za ka zube yadda ka zube yanzu. Wa zai nemo ma matan nan nasu?"