An Kwashe Gadajen Korona

"Ku ajiye gadon nan!" Dakta Loretta Prewitt ta daka wa ma'aikatan tsawa. Su biyun suka tsaya cak, suna kallon Curtis Ballew, lauyan asibitin, wanda ya biyo ta da takardu a hammata.

"Loretta, kar ki tara mana jama'a," in ji Curtis. "Sassaucin korona ya ƙare tun ranar Alhamis. Gado ashirin aka yarje mana, ashirin za mu koma."

"Ashirin ɗin duk da mutane a kai! Delbert Crowder yana ɗakin gaggawa, huhunsa ya cika da ruwa. A kaina zan ɗora shi?"

Asibitin na likitoci goma ne, har da ita. Doka ta hana irinsa ƙara gadaje, don kada likita ya riƙa kwantar da mutane inda ribar za ta dawo aljihunsa. Da korona ta zo, gwamnati ta ɗage hanin, suka ƙara goma sha biyu. A kansu Loretta ta rufe idanun maƙwabtanta, a kansu ta ga wasu sun miƙe.

"Lokacin da mutane ke mutuwa a bakin ƙofa, ba ɓarauniya ba ce ni," ta ce. "Yau na koma ɓarauniya?"

"Ba wanda ya kira ki ɓarauniya. Amma kin san Dakta Faulk. Mutum nawa ya yanke wa baya, lafiyarsu lau, don kawai ɗakin tiyatarsa kar ya zauna haka? Domin irinsa aka yi dokar."

"To su je su kama Faulk mana! Me Delbert ya yi musu?"

"In kika kwantar da shi, gwamnati za ta daina biya wa tsofaffin garin nan magani a wurinmu. Sai mu rufe gaba ɗaya. Zaɓi."

Ta harare shi har ya kawar da kai. Sannan ta matsa gefe, gadon ya wuce yana ƙara.

A ɗakin gaggawa, matar Delbert, mai suna Wanda, tana goge masa gumi da hularsa ta gona. Loretta ta gaya mata za a kai shi wani asibiti a birnin Tulsa, tafiyar awa biyu.

"Tulsa? Likita, da idona na ga ana tura gado ba kowa a kai."

"Na sani, Uwargida Crowder. Doka ce. Saboda asibitin namu ne, mu likitocin."

"Da ba naku ba ne fa?"

"Da ya samu gado."

"Kuma kun san haka kuka riƙe asibitin," in ji Wanda. "Shekara uku kuna da gadajen nan a hannu, ba wanda ya tuna da wannan ranar?"

Bara wani babban asibiti ya nemi ya saye su, Loretta ce ta fara buga tebur a taro ta ce ba za a sayar ba.

Aka tura Delbert cikin motar asibiti. Wanda ta tsaya a rana tana jujjuya makullin tsohuwar motarsu. Idonta ba ya ganin babban titi yanzu, kuma duk garin an sani.

Loretta ta cire farar rigarta, ta wurga wa Curtis.

"Ka ce wa Dakta Ngo ta riƙe mini marasa lafiyata," ta ce. Ta miƙa wa Wanda hannu. "Kawo makullin."