Ƙararrawar da Janar Ya Ɓatar

Abokan gem ɗinsa ne suka sa masa Janar, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, mutumin da ko kyankyaso ya gani a banɗaki sai ya ƙwala wa matarsa kira. Da safe ma'aikaci ne a ofishin sayar da tikitin mota. Da ya dawo kuwa sai ya shige ƙaramin ɗaki, ya zauna gaban ƙatuwar talabijin, ya yi ta sare dodanni da takobi yana huci kamar da gaske.

Matarsa, wadda 'yan layin ke kira Anti Tela saboda keken ɗinkinta da ke falo, ba ta taɓa damuwa da shirmen ba sai da aka yi wa mahaifiyarta aiki a ƙugu. Likita ya ce ban da hawan bene. Gidan yayanta kuwa a hawa na huɗu yake, babu abin hawa sai ƙafa. Su ne a ƙasa, kuma ɗaki biyu gare su: nasu, da wannan barikin na Janar.

Ranar Talatar da aka yi aikin, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, ta ajiye waya ta leƙa ɗakin.

"Maigida, Inna nan za ta zo in an sallame ta. Sai dai ka ba mu ɗakin nan."

"Haba, ai Inna uwata ce," in ji shi, bai ko waiwayo ba. "Saura kaɗan in kammala ɗari bisa ɗari. Ranar da na kammala, wallahi ɗaki naki ne. Ni ba na magana biyu."

A cikin gem ɗin akwai ƙararrawar tagulla guda ɗari biyu da arba'in da aka ɓoɓɓoye a duwatsu da kangaye, sai an tsince su duka ake cewa an gama. Janar ba da basirarsa yake nemo su ba, ina ya ga basirar? Taswira ce a intanet yake buɗewa a kwamfutar da ke gefensa. Ka ja ta da yatsa ta matsa, ka buɗa ta ƙara girma, kowace ƙararrawa da ɗigonta. In ka ɗauko ta a gem sai ka danna ɗigon, ya koma kore.

Sati uku aka yi. Taswira ta zama kore shar, gem kuma ya tsaya a ɗari biyu da talatin da tara.

"Kin gani da idonki," ya ce yana nuna mata, fuska a marairaice. "Taswira ta ce na ɗauke duka, gem ya ce saura ɗaya. Dole in bi su ɗaya bayan ɗaya daga farko. Aikin wata biyu ne, in ma an yi sauri."

"Jibi Asabar za a sallame ta."

"To ya zan yi? Na rantse, kin san ni da rantsuwa. Ko Yaya zai fara riƙe ta?"

Wai Yaya zai fara riƙe ta! A goya tsohuwa mai ɗinki a ƙugu a hau da ita bene huɗu saboda ƙararrawar da ko kaɗawa ba ta yi. Anti Tela ta juya ta koma kan kekenta, don ta san in ta buɗe baki maƙwabta sai sun shigo.

Washegari da ya fita aiki ta kashe keke, ta shiga barikin. Ɗakin warin safa yake. Ta ture kofunan shayi uku da suka bushe, ta zauna gaban kwamfutar. Taswirar na nan a buɗe, Janar bai taɓa tunanin mai ɗinki za ta iya karanta ta ba.

Ta danna ɗigo ɗaya don ganin abin da zai faru. Sai ga hoton wurin ya fito, da bayanan da wasu 'yan gem suka rubuta, a ƙasa kuma da ƙananan rubutu: rana da lokacin da aka maida shi kore. To, a nan fa aka zo wajenta. Shekara goma sha biyu tana bin littafin awo, tana gane wace riga aka kawo kafin wace. Ta jawo alli, ta fara bi gari-gari.

Janar mutum ne mai bin layi, wannan kam ta ba shi. In ya shiga yanki sai ya share shi tas kafin ya matsa: na bakin teku duk a sati guda, na cikin daji a satin da ya biyo. Ranar Talatar aikin Inna yana kudu, cikin wani kangon birni, ɗigo bayan ɗigo, minti goma-goma tsakaninsu. Sai guda ɗaya can ƙarshen arewa, a bayan wani ruwa mai zubowa daga dutse, yankin da bai taka ba sai bayan kwana tara. An maida shi kore ranar Talata, ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu.

Ta daɗe tana kallon lambobin. Ashe ko kicin ba ta kai ba ranar, bakinsa bai bushe da "Inna uwata ce" ba, ya miƙa yatsa ya maida ɗigo ɗaya kore ba tare da ya ɗauko ƙararrawar ba, ya ɓatar da ita da gangan. Abin ya yi mata ciwo, ciwo sosai. Sai kuma dariyar raini ta ƙwace mata. Dubi ƙaryar ma, ko iya ɗinke ta bai yi ba.

Ta kunna talabijin ta ɗauki hannun gem ɗin. Kai, ranar jarumin Janar ya ga wulaƙanci. Ya yi ta bugun bango da goshi. Ya faɗa rami sau bakwai. Wani ƙaton dodo mai guduma ya talitse shi har ta daina ƙirgawa, daga baya ta gane ba dole sai an yi faɗa ba, ana iya ratsawa ta gefe da gudu. Wani bawan Allah ya rubuta a taswirar cewa a bi ta hagun ruwan, a yi tsalle sau biyu. Ta bi. Wata mai kaya ta zo ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofa ta gaji ta tafi.

Wajen ƙarfe uku ta shiga kogon. Ga ta nan a rataye, 'yar mitsitsiyar aba, ko girman maɓallin riga ba ta kai ba a allon. Ta danna. Kiɗa ya tashi, rubutu ya cika talabijin: ɗari bisa ɗari.

Wannan ne? Wannan ne abin da aka yi wata takwas ana huci a kai?

Janar ya shigo biyar saura, waya a hannu, tana ta ƙara. Abokai ne ke taya murna, don na'urar ta sanar da su da kanta. Ya tsaya a ƙofar ɗakin. An naɗe kafet, an buɗe taga, an tara wayoyin wuta a kwali. Talabijin kaɗai ta bari a kunne.

"Wa ya taɓa mini gem?"

"Barka da arziki, Janar. An kammala."

"Wata takwas! Wata takwas ina... ke kin san abin da kika yi? A ina ma kika same ta?"

"Inda ka ajiye ta. Bayan ruwa, ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu."

Wayar ta sake ƙara, ya dube ta, ya dubi matarsa.

"Amsa musu mana," ta ce. "Ka ce kai ne, ba zan tona ba. In ka gama ka zo ka kama ƙarshen gadon nan, gobe ƙarfe goma za mu ɗauko Inna. Kai za ka tura ta a keken marasa lafiya."