Ranar da Delbert Ya Zaga da Surukai

Duk wanda ya taɓa yin baƙi a Lexington ya san abin da ke jiransa. Baƙo ba ya zuwa garin nan don ya zauna a falo a sha hira. Sai an kai shi ya ga dawakai, sai an kai shi inda ake dafa burbon, giyar masarar da garin ya yi suna a kanta, sannan hankalinsa ya kwanta. Delbert Caudill ya san haka tun ranar da 'yarsa Carlene ta kira shi ta ce iyayen Neil, saurayin da za ta aura, suna tafe daga Minnesota su ga gari, su kuma ga gonar da za a ɗaura auren nan da wata guda. Dawakan ba su dame shi ba. Wuri na biyun ne ya hana abinci yi masa daɗi duk makon.

Delbert ya daɗe da barin giya, amma ba da arha ya rabu da ita ba. Sai da ta cinye masa aiki, ta kori matarsa, ta sa Carlene ta yi shekaru ba ta ɗaga wayarsa. Ranar da ta dawo, magana ɗaya ta yi masa a bakin ƙofa, jakarta na hannu: in ta sake jin warin abin nan a bakinsa, ko sau ɗaya ne, ya ɗauka bai haifa ba. Ba ta maimaita ba, kuma yarinyar ba ta san wasa da magana ba. Yanzu ga shi ita da kanta ta zaɓi a ɗaura mata aure ƙarƙashin babban itacen da ke bayan gidansa. Shi kuwa abu ɗaya ya roƙa, kada ta buɗe wa surukai tarihinsa. Neil ma abin da ya sani kawai shi ne tsohon ba ya sha.

Da sassafe ya kwashe baƙin, har da Carlene da Neil, a motarsa zuwa filin sukuwa, lokacin da ake motsa jinin dawakai kafin rana ta yi zafi. Arvid Haugen, uban ango, mutum ne ƙato mai fara'a, irin wanda ba ya iya yi maka magana sai ya dafa kafaɗarka. Matarsa Joyce ba ta da aiki sai ɗaukar hoto. Suna jingine da shinge, raɓa na jiƙa musu takalma, sai jiniya ta ɗauka. Wata 'yar goɗiya ce ta ka da mahayinta, ta juya tana gudu ta inda sauran ke tahowa, linzami na reto, idanunta sun yi fari fat.

"Suruki, wannan ma cikin shirin ne?" in ji Arvid, yana dariya.

"A'a," in ji Delbert. "Ja da baya daga shingen nan."

An tare ta kafin ta yi karo da kowa, mahayin ya tashi yana ɗingishi yana zagi. Baƙi suka tafa, daga nan Delbert ya kai su suka ci farfesun rago da masara a wani ɗan gidan abinci na bakin hanya.

Tun kafin a ga gidan dafa burbon ake sanin an kusa. Itatuwan hanya da bangon gidaje duk sun yi baƙi ƙirin da fumfunar da ke rayuwa a kan tururin giya, sai ka ce gobara ta bi ta wurin. Daga nan sai ƙamshin ya shigo mota, ƙamshin dafaffiyar masara mai tsami-tsami da zaƙi-zaƙi. Delbert ya ɗaga gilashi, amma a banza. A nan ya yi ƙuruciyarsa yana gangarar da gangunan giya, hancinsa ya san wurin fiye da idonsa.

Da suka sauka, Carlene ta matso kusa da shi ta rage murya. "Baba, ka zauna a mota. Zan ce gwiwarka ce."

Da Arvid bai juyo a daidai lokacin ba, da ƙila Delbert ya yarda. Amma namiji ya zauna a mota kamar kaya, a garinsu, a gaban suruki? Delbert ya kulle mota ya shiga gaba.

Wanda zai zaga da su kuwa ba kowa ba ne sai Roscoe Teague, tsohon abokin aikinsa, an ba shi riga mai tambari saboda bayansa ya daina ɗaukar ganga.

"Wa nake gani haka? Delbert, ashe ba ka mutu ba, tsohon banza?"

"Ina jira in ga bayanka tukuna."

"Jama'a, ku dubi mutumin nan da kyau," in ji Roscoe, yana nuna shi ga baƙi. "Ana cewa abin da ya tashi sama daga ganga rabon mala'iku ne. To, a zamaninsa mala'iku sun sha wuya, don kafin su sauko..." Sai idonsa ya haɗu da na Carlene. Ya yi tari, ya gyara hula. "To, mu shiga sito, ku kula da matakala."

Cikin siton akwai duhu da sanyi, ganguna jere bisa jere har sama, katakai na ƙara a hankali ba tare da kowa ya taɓa su ba. Iskar wurin ma kanta giya ce. Delbert ya riƙa numfashi ta baki, ya tura hannuwa aljihu, ya ƙura wa bayan rigar Neil ido. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, don abin da ya taso masa ba ƙyama ba ne. Daɗi ne, irin na wanda ya dawo gida.

A ɗakin ɗanɗano Roscoe ya jera ƙananan kofuna, ya ajiye wa Delbert ruwa ba tare da ya dube shi ba.

"Haba suruki," in ji Arvid. "Kai ne ɗan gari, kai za ka gaya mana mai kyau. Ko kurɓi ɗaya?"

"Ni ne direba."

"Kurɓi ɗaya ba ya ka da mota."

"Motata tsohuwa ce, ba ta buƙatar taimako."

Aka yi dariya, Carlene ma ta yi, ko da yake tata ba ta kai ido ba. Arvid ya haƙura, ya ce to ya miƙa wa Joyce, ya danƙa wa Delbert kofin. Tazarar ba ta fi taku ɗaya ba, amma ɗigo ya zubo masa a babban yatsa. Ya goge a wando. Duk hanyar komawa yatsan na kan sitiyari, ɗan nesa kaɗan da hancinsa, kuma ya san da zamansa kamar yadda ake sanin zaman haƙori mai ciwo.

Da la'asar suka iso gona. Da ya kashe mota sai ya ji wani sauƙi ya sauko masa. Ya tsallake, ba wanda ya gane komai, gobe baƙi za su kama hanya. Ya kai su bayan gida ya nuna musu itacen, da inda za a jera kujeru, da inda zai tako da Carlene a hannunsa. Joyce har da ƙwalla.

Nan ne Arvid ya koma mota ya dawo da wata jakar takarda, bakinsa har kunne.

"Matar da ke shagon gidan burbon can ta ba ni sirrinku," ya ce, yana zaro kwalba cikakkiya, bakinta a liƙe. "Ta ce a nan in ana so kada ruwan sama ya ɓata biki, sai a binne kwalbar burbon a kife, daidai inda za a ɗaura auren, wata guda kafin ranar. Ranar biki a tono a sha. To yau saura wata guda cif, ka ga Allah ya haɗa."

Gaskiya matar ta faɗa, haka ake yi, kakannin Delbert ma haka suka yi. Neil ya ce abin ya burge shi. Joyce ta ɗaga wayarta.

"Ai camfi ne kawai," in ji Carlene. "Mu tafi da ita, mu binne a wajenmu."

"Ina, sai a wurin auren, in ba haka ba ba ta aiki," in ji Arvid. "Ko ba haka ba, suruki?"

Duk suka juyo suna kallonsa. Kalma ɗaya za ta raba shi da kwalbar nan, amma kalmar za ta ja tambaya, tambayar kuma za ta ja sauran duka, a gaban mutanen da tun safe suke ganinsa da mutunci. Daga gindin itacen ana hango tagar ɗakin kwanansa.

"Haka ne," ya ce. "Bari in ɗauko shebur."

Shi ya yi haƙan da kansa. Ƙasar ta yi laushi, shebur na shiga ba gardama, amma bai jima ba ya tsaya ya ce ya isa. Carlene ta leƙa ramin. A gonar nan ta girma, ta san zurfin da ubanta ke yi ko dashen tumatir zai yi.

"Baba, ƙara zurfi."

"Ya isa, uwata. Akwai saiwa a ƙasa."

"Ban ga saiwa ba."

Ya ƙara shebur biyu. Arvid ya durƙusa da ƙyar ya kifa kwalbar, aka mayar da ƙasa, Neil ya tattake. Arvid ya ce a sa dutse don kada wurin ya ɓace, Delbert ya ce ba sai an sa ba, ba zai ɓace masa ba.

Neil ne zai mayar da su masauki a motar Carlene. Da ta zo sallama ta rungume ubanta, ta daɗe fiye da yadda ta saba, fuskarta kusa da tasa, kuma ya ji lokacin da ta ja numfashi ta hanci. Ba ta ji komai ba, don babu abin ji. Ta sake shi, ta gyara masa wuyan riga.

"Zan riƙa kira kullum," ta ce.

"Ki riƙa kira."

Ya tsaya yana ɗaga hannu har motar ta sha kwana bayan shingen maƙwabci, ƙarar ta ɓace, gona ta yi tsit. Ya ɗauki shebur ya nufi rumfar kayan aiki, inda yake rataye shi kullum. A ransa can ya nufa. Sai da ya shiga gida ya wanke hannu har sau biyu, sannan ya lura ya jingina shebur ɗin a bakin ƙofar kicin, ta waje, inda hannu zai kai ba sai an sa takalmi ba. Ya daɗe yana kallonsa ta gilashin ƙofar, kuma bai fita ya mayar da shi ba.