Kwalba Uku Kafin Alhamis

Sunana Mas'udu. Shekarata goma sha ɗaya ina malamin asibiti a Gusau lokacin da aka kawo Luba, kuma kowa a asibitin ya san bakina ba shi da linzami. Ranar wata Jumma'a ce cikin kakar 1958. Mijinta, Jatau wanzami, shi ya sauko da ita daga motar gyaɗa ta Bunguɗu, goye a bayansa, zabirarsa rataye a wuya.

Da ungozoma ta yaye mata mayafi sai ga tsagar ƙaho a jere a bayanta, wata ta kwana biyu amma har lokacin tana tsattsafo da jini. Tafin hannunta fari fat, dasashinta na jini, ga baƙin tabo birjik a damatsanta.

Na ce, "Sau nawa ka yi mata ƙaho?"

"Sau huɗu, Malam. Mataccen jini ne ya taru, ga shi nan ya yi baƙi."

"Mataccen jini! Ɗan wanda ya rage mata ka bi ka zuƙe. Da mahauci ka kai wa ita da ya fi ka tausayi."

Har gobe in na tuna wannan magana sai kunya ta kama ni.

Likitanmu Bature ne. Ya duba jininta a madubin ƙara girma, ya kira Jatau, ni ina fassara. Ya ce dajin jini ne: jikinta na yin jinin banza yana danne mai kyau, kuma mu nan ba mu da maganinsa. In ya so ya mai da ita gida. In kuwa ya yarda, an buɗe babban asibiti a Ibadan, suna da ƙwayoyin da ke riƙe ciwon. Ba warkewa ba ce, jinkiri ne, wataƙila shekara, wataƙila ƙasa da haka.

Jatau ya ce, "Ko wata guda ne ina so."

Likita ya buga waya, aka ce za a riƙe mata gado mako ɗaya. Jirgin ƙasan da ke tasowa daga Ƙaura zai bi ta Gusau ranar Alhamis da hantsi. Amma tafiyar ta fi kwana biyu, kuma a yadda take ko Zariya ba za ta kai ba. Sai an ƙara mata jini kwalba uku kafin ya sa hannu a takardar tafiya.

Aka gwada na Jatau ya dace, aka ɗebi kwalba ɗaya ranar Asabar. Ya miƙa ɗaya hannun, likita ya ce a'a, sai bayan wata uku. Na likitan bai dace ba. Ma'aikata kuwa, da jin zancen kowa ya tuna yana da aiki a wani ɗaki.

Ranar Lahadi Jatau ya koma Bunguɗu. Shekara talatin yana zuƙar jinin mutanen nan yana turbuɗewa a ƙasa, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Ya bi su gida gida yana roƙon jini. Suka ce na ƙaho matacce ne, kuma a gabansu ake rufe shi. Na asibiti kuwa mai rai ne, a kwalba ake tafiya da shi, wa ya san inda yake kwana? Ga kuma kaka, wa zai yanke masu dawa in ƙarfinsu ya tafi? Ranar Litinin ya tafi 'Yandoto wurin dangin Luba. Wanta Haruna ya yarda, ya biyo shi har tashar Tsafe, ya ce bari ya kewaya, bai dawo ba.

Da ya ba ni labari na zage su tas, jahilai, matsorata, ban rage kowa ba. Abin da ban faɗa ba shi ne, tun ina koyon aiki aka gwada nawa jinin, kuma na san irin na Luba ne. Na soki hannun mutane ya fi a ƙirga, amma nawa ban taɓa miƙawa ba. Tsoro nake ji, ba wani abu ba.

Ranar Talata da safe ya same ni a bayan ɗakin magani yana ɗingishi. Ya zaro kwalba daga zabira, naɗe da tsumma.

"Da toka na wanke ta, Malam, sau uku. Tun da likita ya ƙi ɗiba, na ɗebo da kaina."

A masaukinsa na Tudun Wada ya zauna ya kafa wa cinyoyinsa ƙaho, yana juye jinin a kwalba. Bai kai rabin kwalba ba, ya daskare ya yi baƙi. Ko ɗigo aka sa wa mutum sai ya kashe shi. Na buɗe baki, wannan bakin nawa da ba ya jira, sai na ga yadda yake kallona. Na riga na ce masa shi ya zuƙe matarsa. Ban iya ƙara masa wata ba.

Na ce, "Kawo. Je ka huta."

Na haƙa rami a gindin dalbejiya na rufe kwalbar. Sannan na shiga wurin likita na naɗe hannun riga, na kau da kai, gumi na tsiyaya. Aka ɗebi kwalba ɗaya aka sa wa Luba, na roƙe shi kada kowa ya ji.

Ranar Laraba Luba ta tashi zaune, ta sha kunu rabin ƙwarya. Jatau na tsugune gaban gado, fuskarsa kamar an yi masa albishir.

Ya ce mata, "Kin gani? Jinina ya karɓe ki. Na ɓata da ƙaho, na gyara da ƙaho."

Ta ce, "To ya isa haka, Maigida. Dubi yadda ka rame."

Na ajiye kwanon allurar da ke hannuna. Na koma wurin likita na roƙe shi ya sa hannu a kan kwalba biyu. Ya duba idonta, ya ce ba zai aika gawa a jirgi ba. Na miƙa masa ɗaya hannuna, ya ba ni amsar da ya ba Jatau. Da la'asar na zaga Sabon Gari, na roƙi 'yan dako da masu shago har muryata ta dishe. Wani ya ce zai zo da safe, bai zo ba. Na yi niyyar in biya Tudun Wada in faɗa wa Jatau gaskiya, na kai har bakin lungun, na juyo. Na ce wa raina ai gobe ma rana ce.

Ranar Alhamis da sassafe Luba ta sa ungozoma ta ɗaure mata ƙunshin kayanta, ta zauna bakin gado da mayafi a ka. Rana ta ɗan ɗaga sai ga Jatau yana dafa bango. Leɓunansa sun yi fari kamar nata ranar da ya kawo ta, wandonsa ya manne da cinya, an ɗaure hannunsa na hagu da rawani, rawanin ya jiƙe sharkaf. Daga can wajen tasha muka ji jirgi ya yi kuka.

Wannan karon kwalbar cike take har wuya.

"Ga ta uku, Malam. Na ga waccan ba ta cika ba amma ta yi aiki, shi ya sa yau na nemi jijiya." Ya tura mini ita a hannu. "Yi sauri ka sa mata tun da ɗuminsa, kada jirgi ya bar mu."