Maɓallai Goma Su Ne Biyar

Ranar da aka ba da hutun ƙarshen shekara ni na je ɗauko Auta, don uwarta ma'aikaciyar jinya ce, kuma asibiti bai san wani abu wai shi hutu ba. Na tarar da Malama a bakin aji tana raba wa iyaye jakar leda ɗaya-ɗaya. Da ta zo kaina sai ta ce in ɗan dakata.

"Baban Auta, yarinyarka ba ta iya ƙirga ba tukuna."

Dariya ta kusa ƙwace mini. Auta fa, wadda in baƙi suka zo nake tsayar da ita tsakiyar falo ta zubo daga ɗaya har ɗari kamar an kunna famfo. Na faɗa wa Malama haka, da ɗan ɗaga murya don sauran iyaye su amfana.

"Waƙar ta iya," in ji ta. "Amma ka ce ta miƙo maka cokali biyar, sai ta kwaso duk abin da hannunta ya kama. In an dawo zan sake gwada ta. In ta iya, ta wuce aji ɗaya. In ba ta iya ba, sai ta ƙara zango a nan."

Aji ɗaya shi ne duk duniyar Auta a lokacin. Ƙawarta, 'yar mai wankin layinmu, ta riga ta samu wucewa, kuma su biyun sun gama shawarar bencin da za su zauna a kai.

A gida na zazzage jakar a kan tabarma. Balan-balan na takarda guda goma, kowanne da lamba a jiki, a ɗora masa alawa daidai lambarsa. Ƙananan tutoci masu launi da za a jera a zare a ƙawata ɗaki, ja uku, kore biyu. Kwalayen ashana da aka naɗe kamar kyauta, a zuba maɓallai a ciki, yaro ya girgiza ya yi hasashe, sannan ya buɗe ya ƙirga. Har da takardar bayani shafi biyu, wai a zauna da yaro a ƙasa minti goma sha biyar kullum.

Ni mai shagon takalma ne, kuma wannan hutun shi ne lokacin da kowace ƙafa a garin take tuna tana son sabon takalmi. A ce in bar shago in zauna ina manna alawa a takarda? Shekara goma sha tara ina ƙirga kaya ba tare da balan-balan ba. Na mayar da komai cikin jakar, na rataye ta a bayan ƙofa, alawar kuwa yayyen Auta suka taimaka mata.

"Ka karanta takardar kuwa?" uwar yara ta tambaya tana ɗaura agogo za ta fita.

"Hannu da ido Malama take so a yi aiki da su, ko? To zan kai ta inda ake ƙirgan gaske."

Washegari na tafi da Auta shago. Na shimfiɗa mata kwali a bayan kanta, na juye mata buhun silifas na yara waɗanda suka gauraye a hanya. Na nuna mata yadda muke yi: ki nemo dama, ki nemo hagu, ki haɗa su baki da baki, ki ajiye, ki ce ɗaya. Ki haɗa wasu, ki ce biyu. Wanda bai da ɗan'uwa wari ne, ba a ƙirga shi, sai a jefa shi a kwandon da ke ƙarƙashin tebur.

Gaskiya yarinyar nan kaina ta ɗauko. Kafin sati ya zagayo, in mai saye ya shigo sai in ce, "Auta, kawo huɗu," ta kawo huɗu cif, ba ƙari ba ragi. Mata suna shafa kanta, ni kuma kaina yana kumbura. Har na fara shirya abin da zan gaya wa Malama, cikin ladabi dai, game da bambancin ilimin takarda da na kasuwa.

Ranar komawa na sa rigata mai kyau. Malama ta zaunar da Auta a ƙaramin tebur, ni ta ba ni kujerar yara, gwiwoyina suna neman taɓa haɓata. 'Yar mai wanki tana leƙe ta taga da sabuwar jakarta a baya.

Malama ta zuba maɓallai a faranti. "Auta, ba ni biyar."

Auta ba ta yi gaggawa ba. Ta tsinci ja biyu ta haɗa su, ta ce ɗaya. Ta tsinci fari biyu, ta ce biyu. Haka ta bi har biyar, ta jera su sahu-sahu gwanin sha'awa, maɓallai goma ras, sannan ta naɗe hannu.

Tun a na biyu na gane ƙirgan shagona take yi.

Malama ta dubi maɓallan, ta dube ni. "Sana'ar me kake yi, Baban Auta?"

Na faɗa mata. Ta gyaɗa kai a hankali, irin na likitan da ya gano cuta. Ta kwashe, ta ajiye guda uku kawai a gaban yarinyar. "Waɗannan nawa ne?"

Auta ta haɗa biyu, ta ɗauki na ukun ta leƙa ƙarƙashin tebur. Da ba ta ga kwando ba sai ta ajiye shi a ƙasa.

"Ɗaya ne, Malama."

"Wancan fa?"

"Wari ne. Ba a ƙirga shi." Ta juyo da fuska a washe. "Na yi daidai ko, Baba?"

Na taɓa jin kunya a rayuwata, amma ba irin wannan ba. Da kunyar Malama ce kawai da sauƙi. Yarinyar ta yi abin da na koya mata ba kuskure ko ɗaya, kuma tana jiran in yaba.

"Kin yi yadda na ce," na ce mata. "Ni ne na koya miki ba daidai ba."

Na roƙi Malama. Na ce laifina ne, a ba mu sati biyu, ai jakar tana nan a bayan ƙofa. Ta ce ta san laifina ne, wannan ba sai na rantse ba. Ta ce yarinyar tana da kai, wata rana wannan haɗa biyu-biyun zai yi mata amfani, amma a yau ba ta san ɗaya ba, kuma ba za ta tura ta gaba a haka ta je ta sha wahala ba. Zango ɗaya.

Aka kaɗa ƙararrawa. 'Yar mai wanki ta ɗaga mata hannu, ta bi layin 'yan aji ɗaya suka hau bene. Auta ta bi ta da ido har suka ƙule. Na ɗauka za ta yi kuka, na ma fi son ta yi, ko ta ce ta daina kula ni. Sai ta ja kujerarta ta bara ta zauna.

Sababbin yara suka fara shigowa, ƙanana, wasu da majina. Wata ta zauna kusa da ita tana taɓa farantin maɓallan. Ina bakin ƙofa zan fita na ji Auta tana ce mata, "Bari in nuna miki. Babana ne ya koya mini, ya fi kowa iya ƙirga."